Karkatar Duniya, Uwar Damina Da Rani

Mutumin da ya daɗe a gida ɗaya, in dai mai lura ne, ya san rana ba ta da mafita guda. A cikin hunturu takan ɓullo ta kudu maso gabas, ta ratsa sama a kaikaice, da tsakar rana inuwar katanga ta kwanta wajen arewa. Da bazara ta kama sai ta riƙa matsowa arewa kaɗan-kaɗan, har a birnin Kano, wajen ran 22 ga Afrilu, ta tsaya tsak bisa kai, mutum ya nemi inuwarsa ya same ta a ƙarƙashin ƙafafunsa. Daga nan wata huɗu cur inuwar tsakar rana kudu take faɗuwa, sai wajen ran 21 ga Agusta rana ta sake bi ta kan birnin a hanyarta ta komawa. Magina sun san wannan, masu shanya sun sani, makiyaya ma haka. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ba ranar ce ke kai da kawowa ba. Ƙasar da ake tsaye a kanta ita ce a karkace, kuma a jikin wannan karkata ne abincin miliyoyin mutane ya rataya, tun daga Sakkwato har Barno, tun daga Ikko har Agadas.

MAZARIN DUNIYA

Duniya dunƙulalliya ce kamar lemo, tana kuwa da tafiya iri biyu waɗanda kowane ɗan makaranta ya sha ji. Ta farko ita ce juyawa a kan kanta daga yamma zuwa gabas, sau ɗaya a yini da kwana, abin da ke kawo dare da rana. Ta biyu ita ce kewaya rana, wadda takan ɗauke ta kwana 365 da rubu'i, watau shekara ke nan. To, duk abin da ke juyawa a kan kansa yana da wani layi a tsakiyarsa wanda yake juyawa a kai. Macen da ke kaɗi ta fi kowa sanin haka: in ta murza mazari, gululu ya yi ta juyawa, amma sandan da ya ratsa ta cikinsa yana nan a tsakiya. Duniya ita ce gululun. Layin da ya ratsa ta daga ƙuryar arewa mai ƙanƙara zuwa ƙuryar kudu, ko da yake ba sanda ba ne da za a taɓa da hannu, shi za a kira mazarin duniya a cikin wannan bayani.

Abu biyu masana ilmin taurari ke tambaya game da wannan mazari: ina ya dosa, kuma yaya tsayuwarsa take? Amsar ta farko ana iya ganinta da ido a daren da ba hazo. Tsinin mazarin na arewa ya nufi wani tauraro da ake kira Tauraron Arewa, shi ya sa duk sauran taurari ke fitowa su faɗi, suna kewaya shi, shi kuwa yana nan inda yake. A Kano ana ganinsa digiri 12 bisa gindin sama, a Agadas kusan digiri 17, a Ikko kuwa digiri 6 kacal, har gine-gine da itatuwa kan kare shi. Tun zamanin dā matafiyan hamada da matuƙan jiragen ruwa da shi suke gane gabas da yamma.

Amsar ta biyu ita ce mazarin ba a tsaye yake cak ba. In aka kwatanta hanyar da duniya ke bi ta kewaye rana da shimfiɗaɗɗen faifai, to mazarin ya kauce wa miƙewa da digiri 23 da minti 26, kowane digiri kuwa minti 60 ne. Watau ya ci wajen rubu'in tazarar da ke tsakanin abin da ke tsaye da abin da ke kwance. Sauran duniyoyi da ke kewaya rana kowacce da tata tsayuwar. Mushtari ya karkata da digiri 3 ne kurum, don haka kusan ba shi da sauyin lokutan shekara. Mirrihu yana da digiri 25, dab da na duniya. Yuranus kuwa kwance yake da digiri 98, yana mirginawa a hanyarsa kamar ganga. Ra'ayin da ya fi rinjaye tsakanin masana shi ne karo da wasu manyan duwatsun sama a farkon samuwar duniya, shekara wajen miliyan 4,500 da suka wuce, shi ya bar ta a karkace.

YADDA DAMINA KE ZUWA

Mutane da yawa suna zaton zafin bazara daga kusantar rana yake, sanyin hunturu kuma daga nisanta. Awo ya ƙaryata wannan. A farkon Janairu, sa'ad da ake rawar ɗari a Katsina da Damagaram, a lokacin ne duniya ta fi kusa da rana, kilomita miliyan 147. A farkon Yuli kuwa tana can nesa, kilomita miliyan 152. Asirin yana ga karkatar nan. Da yake mazarin ba ya sake inda ya dosa duk tsawon shekara, to rabin shekara arewacin duniya ne ke sunkuyo wa rana, rabin shekara kuma kudanci. Ran 21 ga Yuni rana takan kai iyakarta ta arewa, wani layi da ya ratsa Masar da Libiya da Aljeriya, ya shafi can ƙarshen arewacin Jamhuriyar Nijar. Ran 21 ko 22 ga Disamba takan kai iyakarta ta kudu, ta kan Namibiya da Botswana. A watan Maris da na Satumba kuma takan tsaya bisa Ikwaita, layin da ya raba duniya biyu, dare da rana su yi kunnen doki a ko'ina.

Ƙasashen da ke nesa da Ikwaita a tsawon yini suke ganin abin. A birnin Landan yinin tsakiyar Yuni ya haura awa 16 da rabi, na Disamba kuwa bai cika awa 8 ba. A garin Tromso na ƙasar Norwe rana takan yi wajen wata biyu ba ta faɗi ba, ta kuma yi kusan haka ba ta fito ba. Wannan ne ya sa Musulmin da ke zaune a Turai kan sha dogon azumi in Ramadan ya faɗo a tsakiyar shekara, alhali a Kano bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa ɗaya da rabi ba: awa 12 da minti 50 a Yuni, awa 11 da minti 25 a Disamba.

A Afirka ta Yamma kuwa a ruwan sama abin ke bayyana. Sa'ad da rana ta hau arewa, takan gasa hamadar Sahara, iskar da ke bisa rairayi ta yi zafi ta tashi sama, ta bar gurbi. Sai iska mai laima daga Tekun Atlantika ta kwararo daga kudu maso yamma don cike gurbin, tana ture busasshiyar iskar arewa maso gabas a gabanta. Inda iskokin nan biyu suka haɗu akwai iyaka, kuma a bayan iyakar nan ne hadari ke haɗuwa. A watan Janairu iyakar tana can kusa da bakin teku. Daga nan ta yi ta hawa, ta wuce Ilori, ta wuce Zariya, ta wuce Maraɗi, har a watan Agusta ta kai wajen digiri 20 arewa da Ikwaita, sa'an nan ta juyo. Garin da ke kudu iyakar takan riga isa gare shi, ta kuma daɗe ba ta bar shi ba, shi ya sa Fatakwal ke shan ruwa mafi yawan shekara, Kano ta sami wata huɗu ko biyar, Agadas kuwa 'yan makonni. Gero da dawa da wake da gyaɗa, da hawan Fulani arewa da damina da gangarowarsu kudu da rani, da cikar kogin Kwara da na Binuwai, duk a kan wannan tafiya aka gina su. Da a ce mazarin duniya a miƙe yake, da rana ta tare bisa Ikwaita, da kuwa zai yi wuya hadari ya riƙa tasowa har ƙasar Hausa kowace shekara.

Akwai wani amfani kuma da malaman falaki suka daɗe da ganowa. Birnin Makka yana digiri 21 da 'yan kai arewa da Ikwaita, watau cikin iyakar da rana ke kaiwa. Saboda haka sau biyu a shekara, ran 27 ko 28 ga Mayu da ran 15 ko 16 ga Yuli, rana takan tsaya daidai bisa Ka'aba. A agogon Nijeriya wajen ƙarfe 10 da minti 18 na safe ke nan a Mayu, da ƙarfe 10 da minti 27 a Yuli. Duk wanda ya fuskanci rana a wannan lokaci ya fuskanci alƙibla, ba tare da wata na'ura ba.

MASU AWO TUN DAGA DĀ

Auna karkatar duniya ba ya bukatar komi sai sanda da haƙuri. Malamin makaranta a Kano zai iya kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a fili mai lebur, ya sa yara su auna inuwarsa a tsakar rana. Ran 21 ga Yuni za su sami santimita 20 wajen kudu, ran 21 ga Disamba kuma santimita 71 wajen arewa. In aka mai da waɗannan zuwa digiri aka haɗa, za a sami kusan 47, rabinsa kuwa shi ne karkatar mazarin.

Ta irin wannan hanya mutanen dā suka bi. Batlimus, masanin Iskandariya na wajen shekara ta 150 Miladiyya, ya rubuta digiri 23 da minti 51. A zamanin Halifa Ma'amun, wajen shekarar 830, masanan Bagadaza suka sake awo suka ga bai kai haka ba. Al-Battani, wanda ya yi aikinsa a garin Raƙƙa na ƙasar Sham ya rasu a 929, ya sami digiri 23 da minti 35. A shekarar 994 Al-Khujandi ya gina wani gagarumin ma'auni a Rayyu, kusa da Tehran ta yau, ya sami minti 32 da ɗan ɗori. Da ya jera awonsa da na magabata, sai ya ce ba kuskuren ma'auni kaɗai ba ne, karkatar ce ke raguwa. Bayansa da shekara ɗari huɗu da wani abu, Sarki Ulug Beg na Samarƙand ya sa aka gina ma'auni cikin tudu wanda har yau saurarsa na nan, ya sami minti 30. Yau minti 26 ne. Ko da yake awon Batlimus ya zarce gaskiya, maganar Al-Khujandi ta tabbata: mazarin duniya yana miƙewa sannu a hankali, kusan minti ɗaya cikin kowace shekara 128. A ƙasa ma'anar wannan ita ce iyakar rana ta arewa tana jawowa kudu da mita 14 ko 15 kowace shekara.

Ba kuwa za ta yi ta miƙewa har abada ba. Lissafi ya nuna karkatar tana kai da kawowa tsakanin digiri 22.1 da 24.5, zuwa da dawowa shekara 41,000. A shekarar 1993 wani masani Bafaranshe, Jacques Laskar, da abokan aikinsa suka nuna cewa jan da wata ke yi wa duniya yana cikin abin da ya riƙe karkatar a wannan ɗan tsakani. Mirrihu, wanda ba shi da babban wata, nasa mazarin ya sha yin lilo da digiri gomomi.

TANGAƊIN KATANTANWA

Bayan raguwa da ƙaruwar karkata, inda mazarin ya dosa shi ma yana sauyawa. Yaron da ya taɓa murza katantanwa ya ga yadda kanta ke yin tangaɗi, yana zana da'ira a iska, alhali tana cikin juyawa. Haka mazarin duniya ke yi, sai dai da'ira ɗaya takan ɗauke shi kusan shekara 26,000. Hiparkus Bagirke ne ya fara lura da haka wajen shekara 130 kafin haihuwar Annabi Isa, da ya gwama matsayin taurari a zamaninsa da abin da magabata suka rubuta. Al-Battani ya ƙiyasta digiri ɗaya cikin shekara 66. Awon zamani ya ba da digiri ɗaya cikin shekara 72. Dalilin abin kuwa sai a 1687 Isaac Newton na Ingila ya bayyana shi. Duniya tana da ɗan tumbi a Ikwaita, faɗinta ta can ya fi na ƙurya zuwa ƙurya da kilomita 43, rana da wata kuma suna jan wannan tumbi, shi ke sa ta tangaɗi.

Ashe ke nan Tauraron Arewa riƙon ƙwarya yake yi. Sa'ad da ake gina dalar Fir'aunonin Masar, wani tauraro ne mai suna Thuban ke wannan matsayi. Na yanzu zai fi kusantar tsinin mazarin wajen shekara ta 2100, daga nan ya fara ja da baya. Bayan shekara wajen 12,000 tauraron Vega, wanda Larabawa ke kira Nasrul Waƙi'i, shi zai zama mafi haske a wannan yanki.

Wannan ya shafi lissafin da malamai da manoman ƙasar Hausa suka gada, na taurari 28 da ke raba shekara, kowanne kwana 13 in ban da ɗaya mai 14, irin su Surayya da Haƙa'a da Zira'a da Nasara da Jabha. Damina rana take bi, taurarin kuwa tangaɗin mazari yana zame su daga lokutan shekara da kwana ɗaya cikin kowace shekara 71 ko 72. A rayuwar mutum ɗaya ba a ko lura. Tun daga jihadin 1804 zuwa yau kwana uku ne. Amma cikin shekara dubu ya kai mako biyu, watau tauraro guda ɗungum. Sunayen da kwanakin suna nan a takarda, amma fitowar taurarin a sama ta ja baya daga inda magabata suka gan ta.

SA'AD DA SAHARA KE KORE

Wanda ya zauna ya lissafa yadda waɗannan sauye-sauye ke ƙara wa sassan duniya hasken rana ko su rage shi, shi ne Milutin Milankovic, injiniya ɗan ƙasar Sabiya, wanda ya kwashe shekaru gomomi yana aikin da alƙalami da takarda, ya buga babban littafinsa a 1941. Ya rasu a 1958 masana da yawa ba su gamsu ba. Sai a 1976 wasu masana uku, Hays da Imbrie da Shackleton, suka binciki lakar da aka haƙo daga ƙarƙashin teku, suka tarar zamunan ƙanƙara sun yi ta zuwa da tafiya daidai da ƙidayar da ya yi. A 1981 kuma John Kutzbach na Amurka ya nuna da kwamfuta cewa lissafin nan ya shafi damina a Afirka da Asiya.

Ga yadda abin yake. Yau duniya a Janairu take kusantar rana. Amma saboda tangaɗin mazari, haɗe da juyawar ita kanta hanyar duniya, lokacin kusantar yana zagaya watannin shekara cikin shekara wajen 21,000. Shekara 10,000 zuwa 11,000 da suka wuce, a tsakiyar daminar arewa ne duniya ke kusantar rana, karkatar mazarin kuma ta haura digiri 24. Hasken da ke sauka bisa Sahara a watannin damina ya fi na yau da wajen kashi 7 cikin ɗari. Hamada ta ƙara zafi, ta ƙara jan iskar teku, ruwa ya kutsa can arewa. Ciyawa da itatuwa da suka tsiro su kuma suka riƙe laima, suka ƙara jawo wani ruwan.

Shaidun wannan zamani suna nan birjik. A watan Mayu na 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da katako a zurfin wajen mita 5. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt ta Jamus suka tono shi, sai ga kwalekwale mai tsawon mita 8 da ɗori, wanda awo ya nuna ya shekara wajen 8,000, mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. A Gobero, cikin hamadar Tenere ta Nijar, ayarin Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya tarar da tsohuwar maƙabarta a shekara ta 2000, mai kaburbura wajen 200, tare da ƙasusuwan dorina da kada da giwan ruwa, da māsun kamun kifi na ƙashi. A Dabus, arewa da Agadas, akwai zanen raƙumin dawa a jikin dutse wanda tsawonsa ya haura mita 5. A duwatsun Tasili na Aljeriya kuma an zana garken shanu da makiyayansu a inda yau ko akuya ba za ta sami abin ci ba.

Tafkin Cadi a wancan zamani teku ne sosai. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 350,000, fiye da sulusin Nijeriya, alhali a 1963, sa'ad da ake ganin ya cika ya batse, wajen 25,000 ne. Dogon tudun rairayin nan da ya bi ta Maiduguri zuwa Bama tsohon gaɓarsa ne. Daga baya, da lokacin kusantar rana ya zame daga damina, ruwa ya yi ta ja da baya, har wajen shekara 5,000 da suka wuce Sahara ta koma hamada, mutane da dabbobinsu suka gangara kudu da kwarin Nilu. Mafi zurfin tsohon tafkin shi ne kwarin Bodele da ke arewacin ƙasar Cadi. Busasshiyar farar lakarsa ce iska ke kwasa in ta matso ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi, kuma daga can ne babban rabo na ƙurar hunturu ke tasowa. Hazon da ke hana jiragen sama sauka a Kano a watan Janairu, ya busar da leɓe, ya rufe kwanon abinci da fari, ƙasan tafkin da aka yi su a cikinsa ne.

HANNUN ƊAN ADAM

A nan ne ya kamata a yi hattara, don kada a bar jaki a riƙa dukan taiki. In damina ta yi gardama, ko zafi ya wuce misali, akan ji wasu na cewa ai duniya ce ta karkace. Lissafin da ke sama bai goyi bayan wannan magana ba. Cikin shekara ɗari karkatar ba ta ragu da ko minti ɗaya cikakke ba. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985, waɗanda suka hallaka dabbobi ba iyaka a Sahel suka kuma tsotse Tafkin Cadi, sun zo sun wuce cikin 'yan shekaru, binciken masana kuma ya fi danganta su da sauyin zafin ruwan tekuna. Game da ɗumamar duniya kuwa, inda mazarin ya sa gaba a wannan zamani sanyi-sanyi ya kamata ya kawo wa arewacin duniya a hankali. Maimakon haka zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri ɗaya a ma'aunin Selshiyos tun daga ƙarshen ƙarni na 19, shekarar 2024 kuma ta fi duk waɗanda suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi. Hayaƙin gawayin ƙasa da man fetur da gas da ake ƙonawa, da sare dazuzzuka, su ne sanadi.

Abin mamaki ma, yanzu ɗan Adam ne ke taɓa mazarin. Wurin da tsininsa ya huda doron ƙasa a ƙuryar arewa ba a kafe yake ba. Tun 1891 wani Ba'amurke, Seth Chandler, ya gano yana ɗan kewaye na 'yan mitoci cikin kowane wata 14, kuma tun 1899 ake da tashoshi a ƙasashe dabam-dabam masu bin sawunsa. A ƙarni na 20 yana ta gusawa wajen ƙasar Kanada da santimita 10 a shekara. Wajen shekara ta 2000 sai ya karkata gabas. A 2016 masanan hukumar NASA ta Amurka suka danganta wannan da narkewar ƙanƙarar Girinlan da ta ƙuryar kudu, da kuma raguwar ruwa a wasu sassan Asiya. A 2023 kuma Ki-Weon Seo na Jami'ar Ƙasa ta Seoul, a Koriya ta Kudu, da abokan aikinsa suka lissafa cewa ruwan ƙarƙashin ƙasa da aka zuƙo tsakanin 1993 da 2010, tan biliyan 2,150, galibi don noman rani a yammacin Amurka da arewa maso yammacin Indiya, ya gusar da tsinin da kusan santimita 80. Ruwan ya ƙare a teku, nauyi ya bar wani wuri ya koma wani, kamar a liƙa wa gululu ɗan yumɓu a gefe ɗaya.

Santimita 80 a jikin duniyar da kewayenta ya kai kilomita 40,000 ba zai matsar da damina ko da minti ɗaya ba, ba kuma zai sauya digiri 23 ɗin nan ba. Masu kula da taurarin ɗan Adam da na'urorin nuna hanya su ne ke bukatar saninsa, akwai kuwa wata hukuma mai cibiya a Faris da ke tattara awon tana rarraba musu. Muhimmancin labarin yana ga abin da ya tona: ruwan da ake janyowa daga rijiyoyin burtsatse a duniya ya kai yawan da mazarin duniya zai ji nauyinsa, alhali wani daga cikin ruwan nan, musamman wanda ke ƙarƙashin Sahara da kwarin Cadi, tun zamunan dā masu yalwar ruwa ya taru, ba ya kuwa komawa da saurin da ake ɗibarsa.

Lakar ƙarƙashin teku ta nuna Sahara ta yi kore ta bushe ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, tana bin tangaɗin mazari. Amma wannan agogo ne mai bugawa sau ɗaya cikin shekara dubu ashirin, ba manomin da zai jingina garmarsa ya jira shi. Abin da karkatar duniya ta lamunce wa mutanen Afirka ta Yamma shi ne rana za ta hau arewa kowace bazara, iskar teku kuma za ta biyo ta. Yawan ruwan da za a samu a kowace shekara, wannan sai a saurari hasashen da Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya ke fitarwa kafin faɗuwar damina. Ko ruwan zai tarar da itatuwa da ciyawar da za su riƙe shi, ko kuwa zai faɗo bisa ƙeƙasasshiyar ƙasa ya kwashe ta zuwa kwari, wannan kuma yana hannun hukumomi da sarakuna da masu gonaki, da duk mai riƙe da gatari.